Tukunyar da Ta Bari a Kan Wuta

Ranar Talata ce, kuma babu abin da ya bambanta ta da sauran ranakun Talata. Na juya ta a raina ya fi a ƙirga ina neman wata alama, ban samu ba. Don haka zan faɗe ta yadda ta zo.

Bayan sallar asuba na ga hasken fitila a ƙasan ƙofar ɗakin 'yata, amma ba ta fito ba. Na san abin da take yi. Tana tsugune ne ta ɗora tafin hannu a kan kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinta, tana jin ɗuminta, yadda ake taɓa goshin yaro mai zazzaɓi. Babbar kwamfuta ce baƙa, irin wadda ake ajiyewa a ƙasa, fankarta tana huci dare da rana. A gidanmu Tukunya ake ce mata. Babansu ne ya raɗa mata sunan, ranar da ya tambayi abin da take yi haka ba hutu, yarinyar ta ce taurari take haɗawa a ciki. Ya ce, "Girki ke nan. Allah ya sa ya dahu."

Ita ma 'yar tamu ba da sunanta na takarda muke kiranta ba. Meyasa muke ce mata tun tana 'yar shekara uku, don ba a gama gaya mata magana ba ta ce "me ya sa?" ba. Ta girma ta zama malamar fiziks a jami'a, sunan bai sake ta ba.

Wajen ƙarfe bakwai ta fito da farar takarda da salatif a hannu.

"Mama, ara mini almakashinki."

"Ina na makon jiya?"

"Yana nan. Bai ɓata ba, ba a ganinsa ne kawai."

Na ba ta. Daren jiya yayanta ya zo gaishe mu, ya shiga ɗakinta neman inda zai sa cajar waya, ya zare filogi ɗaya daga bango. Na fitilar tebur ya zare, ba na Tukunya ba, amma ta bi shi da faɗa har bakin mota. Yanzu ta rubuta da jan biron da take duba jarrabawa da shi, da manyan baƙaƙe: KADA A KASHE TA. Ta manna a saman soket ɗin.

Babansu ya leƙa da kofin shayi a hannu, ya karanta. "Wa kuma za a kashe da sassafen nan?"

"Tukunya, Baba. Sati shida take buƙata, ko biyu ba ta cika ba."

"Sati shida. Dutse kike dafawa?"

"Dutse ai auduga ne kusa da wannan."

Motarta tana wurin bakanike, don haka ni na kai ta aiki kafin takwas. Ta ci burodi a hanya, ta watsa mini ɓurɓushi a kujera. Ta yi ƙorafin 'yan ajin farko, su fiye da ɗari uku a zaure ɗaya, lasifika kuma ta lalace, sai dai ta yi ta ɗaga murya. Da ta sauka bakin gyalenta ya maƙale a ƙofa, ta dawo tana dariya ta buɗe ta cire.

Da azahar ta kira ni.

"An kawo wuta?"

"Ba ki tambaye ni ko na ci abinci ba."

"Ke kina da bakin faɗa, Mama. Ita ba ta da shi."

Bayan la'asar ta dawo a tasi da ɗaurin takardun jarrabawa. Ta baje su a ƙasan falo, ta kwanta rub-da-ciki tana dubawa. Ba ta cika sa alamar kuskure ba. Idan ɗalibi ya kawo amsa bai nuna hanya ba, sai ta ja layi ta rubuta a gefe, "me ya sa?" Ko da amsar daidai ce.

Bayan magariba muka zauna a baranda. Ina zuba wa Babansu magungunansa na mako a akwatin nan mai ɗaki bakwai. Shekara talatin na yi ina harhaɗa magani a asibiti kafin na yi ritaya, hannuna ya saba. Na sha jin gutsattsarin aikinta, amma ban taɓa zama na tambaye ta daga farko ba sai ranar. Ban san abin da ya sa ba. Na ce ta gaya mini yadda zan gane, me ake dafawa.

Ta gyara zama. "Babban tauraro idan mansa ya ƙare, fashewa yake yi. Abin da ya rage sai ya rufta cikin kansa ya dunƙule. Gawar tauraro ke nan, mu tauraron nutron muke ce masa. Faɗinsa bai fi kilomita ashirin da 'yan kai ba, amma ya fi rana nauyi. Cokalin shayi ɗaya na jikinsa zai kai nauyin tsauni."

"A shafe ko da tozo?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Mili biyar, Mama, a shafe. Ba za a taɓa raba ki da awo ba." Sai ta ɗauki kafso ɗaya daga akwatin. "Ki ɗauka jikinsa duk irin wannan ne, an danƙare su ba masaka tsinke. Su ne nutron. Kowanne akwai gari a cikinsa, wasu ƙananan abubuwa guda uku, sunansu kwak."

"Agwagi," in ji Babansu daga bayan jarida. Haka ya daɗe yana kiransu, wai don kwak kukan agwagwa ne.

"Agwagi. Kullum a kulle suke cikin ɓawo, ba wanda ya taɓa kama ɗaya ita kaɗai. Amma can tsakiyar gawar nan, matsi ya kai inda wataƙila ɓawon ya fashe, garin ya haɗe ya zama abu guda. Wataƙila. Ba wanda ya leƙa."

"Gaya mata na baƙon," in ji shi.

"Akwai wani abu a sararin sama da ya ninka duk abin da muke gani wajen sau biyar. Ba ya haske, ba ya tare haske. Nauyinsa kawai ake ji, yadda yake jan taurari. Masu fassara suna ce masa baƙin abu, ni kuma ba na so, don ba shi da launi ko kaɗan. Baba ne ya gyara, ya ce ba baƙi ba ne, baƙo ne. To idan baƙon nan yana shiga gawar kaɗan-kaɗan, ya taru a tsakiya wajen agwagin, zai ƙara nauyi amma ba zai taya riƙe ginin ba. Tambayata ɗaya ce: baƙo nawa gidan zai ɗauka kafin ya rufta?"

Na ce yaya za ta sani tunda ba a leƙawa.

"An riga an auna wasu a sama, nauyinsu ya kai na rana biyu, kuma suna nan tsaye. Tukunya tana gina taurari ne ɗaya bayan ɗaya, dubu-dubu, kowanne da nasa yawan baƙon da nasa taurin agwagin. Wanda ya kasa ɗaukar rana biyu ta yar, wanda ya ɗauka ta ajiye. In ta gama zan ga iyakar."

"Ke me kike so ta ce?"

"Ina so baƙon ya yi yawa. Ya fi daɗin rubutu."

"Maido mini da kafson babanki."

Bayan isha ta tattara takardunta ta yi mana sai da safe. Magana ta ƙarshe da na yi mata ita ce ta kashe fitilar baranda. Ta ce to.

Washegari ta fita ina banɗaki, wata abokiyar aikinta ce ta biyo ta ɗauke ta. Kafin ƙarfe goma aka kira ni. Ta faɗi ne a hanyar da ke tsakanin ofishinta da zauren lacca, da alli a hannu. Jijiyar jini ce ta fashe a cikin kanta. Likitoci sun ce da raunin aka haife ta, kuma ba ya ba da sanarwa. Na san fuskar da likita yake yi tun daga nesa idan ya taho da irin wannan labarin, don na sha ganinta a kan 'ya'yan wasu. Na nemi a nuna mini hoton, aka nuna mini, na gani. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Shekarunta talatin da biyu.

Ba na so in mai da ita abin da ba ita ba. Ba ta cika zuwa ta ɗaya a aji ba, ta biyu ko ta uku take zuwa, saboda rubutunta kamar kaza ta taka tawada, kuma ba ta yarda da hadda ba. Tana 'yar shekara bakwai ta kwance mini ƙaramin sikelin da nake ajiye a gida don ta ga inda nauyin yake shiga. Bai sake yin daidai ba. Na so ta yi likitanci, ta ce ita ba za ta iya aikin da sai mutum yana kuka ake nemanta ba. Sau biyu ta nemi gurbin karatu a waje ba ta samu ba. Ta yi kwana uku ba ta magana, sannan ta yi digirinta na uku a nan, a hankali, tana koyarwa. Tukunya ma guntu-guntu ta haɗa ta daga albashinta. Ta kawo ta gida ne don Babansu, da ya bar aikin injiniyan ruwa, ya sa mana sola a rufi da batura huɗu a ɗakin ajiya, ya mai da su abin wasansa.

Ba ta zuwa ko'ina a kan lokaci. Ba ta mai da aro. Bakinta yana da kaifi, musamman ga gwaggonninta masu tambayar aure. Ta taɓa ce wa babbarsu, "Gwaggo, in na samu wanda ya kai nauyin rana biyu zan kawo miki shi." Gwaggon ba ta gane ba amma ta ji haushi, sai da na je ba da haƙuri. Tana tsoron tsaka. Idan ta kayar da ɗalibi takan yi ta juya takardar tana neman inda za ta samo masa maki biyu, in ba ta samu ba ta kira shi ofis ta yi masa faɗa, sannan ta sake koya masa daga farko. Maƙwabta sukan zo su nuna mata tauraro a sama su tambayi sunansa. Ba ta sani ba. Takan ce ita matattun kawai ta sani, su kuma ba a ganinsu da ido.

Gidan ya cika da masu ta'aziyya. A rana ta uku an ɗauke wuta tun safe, ga fanka a kowane ɗaki, ga wayoyi jere a kowane soket. Bayan azahar inbata, na'urar da ke ba gidan wuta daga batura, ta fara ƙara, alamar batura sun yi ƙasa. Babansu yana zaune cikin maza a waje. Ya miƙe ya shigo ya zare firji, sannan ya bi ɗaki-ɗaki yana tsai da fanka. Mutane suka zauna cikin zafi suna fifita da kwali, ba wanda ya san dalili, ba wanda ya tambaya. Ni ma sai lokacin na ji Tukunya. Tun ranar Laraba tana can tana huci a bayan ƙofar da ba wanda ya buɗe.

Yayanta ya same ni a kicin. Yaya muke ce masa duk gidan, domin ita haka take kiransa.

"Mama, baturan ba za su kai dare ba. Ko dai a..." Ya kalli wajen ɗakin.

"A yi me?"

Bai faɗa ba. Kalma ɗaya gare mu ta fitila da ta rai, kwamfuta kuma a bakinmu mace ce. Tun tasowata nake cewa a kashe fitila, a kashe murhu, ban taɓa jin nauyin kalmar ba sai ranar. Aka kawo wuta kafin magariba, maganar ta wuce ba a yi ta ba.

Daga nan gidan ya koma bin dokar Tukunya. Damina ce, hadari yana rufe rana, sola ba ta kawo abin kirki. Aka daina guga sai in an kawo wuta. Firji ya zama kabad. A allonta akwai layi ɗaya da muke ganewa, wanda ke nuna kashi nawa cikin ɗari ta yi. Kullum da safe Babansu zai shiga ya karanta, ya zo ya gaya mini kan shayi, kamar mai kawo labarin mara lafiya daga asibiti. "Ta kai arba'in da huɗu." Ya samo burushin fenti sabo yana share mata ƙura a hancinta. Ya ɗauke fankar ɗakinmu ya kai ya saita mata. Mutum ne mai hawan jini, na gaya masa kwana cikin zafi ba zai yi masa kyau ba. Ya ce ya ji.

Ba zan ɗora masa shi kaɗai ba. Na yi karatun kimiyya, na san na'ura na'ura ce. Amma ni ce nake barin ƙofar ɗakin a buɗe kaɗan, yadda zan ji hucin daga kicin. In na farka da asuba abin da kunnena yake fara nema ke nan. Muddin tana aiki, akwai abu ɗaya a duniya da yarinyar ta sa hannu ta fara wanda bai tsaya ba tukuna.

Yaya ne ya kasa haƙuri. Ya zo wata Lahadi ya tarar da babansa zaune da singileti yana zufa.

"Baba, na'ura ce fa. Kuna gasa kanku saboda na'ura."

"Ka karanta takardar?"

"Ni ta rubuta wa takardar, Baba. Saboda caja."

"To ka ga kai ta fara gaya wa."

Yaya ya fita bai yi sallama ba. Washegari ya dawo da ƙaramin janareta a bayan mota, ya durƙusa a tsakar gida yana haɗa waya bai kalli kowa ba. Ya nuna mana yadda za a juya daga batir zuwa janareta ba tare da wuta ta yanke ba. A makon aka yi kwana uku ana ruwa, turakun wutar layinmu suka faɗi. Duk lokacin juyawa sai mun taru mu uku, ɗaya a wajen makunni, ɗaya a bakin ƙofarta yana kallon allo. Sau ɗaya allon ya ƙifta. Na ga Babansu ya kama bango. Allon ya dawo, lambar tana nan.

Wajen sati uku da rasuwar, abokiyar aikin nan tata ta zo karɓar takardun jarrabawa. Ofis ɗaya suke, tebur yana kallon tebur, Meyasa tana ce mata Maƙwabciya. Ita ce ta riƙe kan Meyasa a cinya ranar da ta faɗi. Ta zo ta'aziyya sau da yawa amma ba ta taɓa wuce falo ba. Na kai ta ɗakin, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, wannan har yanzu a kunne take?"

Na gaya mata komai, har da firji da janareta. Ina jin na faɗa da ɗan alfahari. Ta zauna a kujerar, ta taɓa madannai, ta daɗe tana karatu. Sannan ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Mama, zan gaya miki wani abu, ban san ko ya kamata ba."

"Faɗi."

"Tana adana aikinta duk bayan awa ɗaya. Haka ta tsara ta. Ko wuta ta yanke, in an sake kunnawa daga inda ta tsaya za ta ɗora. Abin da za a rasa bai wuce na awa ɗaya ba."

Na nuna mata bango. "Wannan fa?"

"Kin san halinta. Ko minti ɗaya ba ta so ya tafi. A ofis ma akwai irinta manne a jikin firinta." Ta yi murmushi, hawaye suka biyo baya. Ta ce in muna so za ta ɗauke ta zuwa jami'a ta ƙarasa a can, mu huta.

Ban saba rage awo ba, ko na magani ko na labari. Bayan la'asar na sami Babansu a baranda na gaya masa yadda aka gaya mini. Ya saurara har ƙarshe.

"Awa ɗaya," ya ce.

"Awa ɗaya."

"Ta rubuta haka a takardar?"

"A'a, Malam."

Ya kalli ruwan da ke ɗiga daga indararo. Na ɗauka zai ji kunya, ko ya ji haushin wahalar da ya sha. Sai ya ce, "Nawa ya rage?"

"Kashi goma sha tara."

Ya tashi ya je duba mai a janareta. Amma a ranar ya mai da fanka ɗakinmu, ni kuma na jona firji, bai hana ba. Tukunya dai ba ta motsa daga inda mai ita ta ajiye ta ba.

Wata Asabar da hantsi ina wanke kofuna na ji gidan ya canza. Sai da na rufe famfo na gane: hucin ne ya koma can ƙasa, kamar numfashin mai barci. Na nufi ɗakin, muka haɗu da Babansu a bakin ƙofa, shi daga baranda. Layin ya cika. Muka kira Maƙwabciya, muka kira Yaya.

Ta zo bayan azahar da nata kayan aikin. Muka tsaya a bayanta mu uku, ɗakin bai ishe mu ba. Ta fito da wani zane, ɗigo-ɗigo shuɗaye sun taru a kusurwa ɗaya, sauran filin fari.

"Kowane ɗigo tauraro ne da ya tsaya," ta ce. "Nan gefen hagu baƙon kaɗan ne, yana ƙaruwa zuwa dama. Kun ga daman ba kowa. A lissafinta, in akwai kwak a tsakiya, gidan ba ya ɗaukar baƙo sai ɗan ƙanƙani. Ya wuce haka, ba ya riƙe rana biyu."

"Ba abin da take so ba ke nan," na ce.

"A'a, Mama. Da sai ta yi kwana biyu tana masifa. Ta zargi na'urar, ta zarge ni, sannan ta zauna ta rubuta."

"Amma amsa ce?" in ji Babansu.

"Amsa ce, Baba. Ta wannan hanyar dai. Wasu za su bi ta wata hanya su gani ko za su same ta a wuri ɗaya. Zan rubuta, sunanta ne a farko."

Ta kwashe sakamakon a ma'adana biyu. Na ce ta ƙara ta uku, ta ƙara, na karɓa. Daga nan babu sauran abin yi. Ta kai hannu, ta janye. Ta juyo ta kalli Babansu.

"Baba, in...?"

Ita ma maganarta ta tsaya daidai inda ta Yaya ta tsaya a kicin. Yaya ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki da niyyar in faɗa, don wani dai sai ya faɗa, kalmar ta zo har haƙorana ta ƙi fita.

Babansu ya dafa tebur ya tsuguna a hankali, da gwiwar nan tasa mai ciwo. Ya ɗora tafin hannu a kan Tukunya.

"Ta dahu?" ya tambayi Maƙwabciya.

Ta ɗan jima kafin ta gane. "Ta dahu, Baba."

"To a sauke."

Ya kai yatsa wajen maɓallin da ke gaba, ta ce ba ta nan ake yi ba, ta allo ake bi. Ta bi masa matakan, ta bar masa na ƙarshe, ta nuna masa inda zai danna. Ya danna. Allon ya yi duhu. Fankar ta ƙara 'yan juyi ta tsaya. Daga kicin na jiyo famfon da ban ɗaure sosai ba yana ɗiga.

Kayanta mun raba su a mako na gaba. Sutura ta tafi ga 'ya'yan ƙannena, ban da shuɗin gyalen da ya maƙale a ƙofar mota, wanda matar Yaya ta roƙa. Takalmanta ba su shiga ƙafar kowa ba, ƙafarta ƙarama ce, sai muka kai gidan marayu. Littattafai kwali shida Maƙwabciya ta kai ɗakin karatu na sashensu. Takardun jarrabawa Meyasa ta riga ta duba fiye da rabi, Maƙwabciya ta ƙarasa sauran. Ta ce da aka raba, ɗalibai sun yi ta buɗe shafuka suna neman jan rubutun gefe, don su san wa ya duba tasu. Motar Yaya ya karɓo daga bakanike ya sayar, ban tambayi wa ya saya ba. Tabarau ɗinta da carbinta suna wajen Babansu.

Tukunya ta koma jami'a, wajen ɗalibai biyu da Meyasa take duba aikinsu. Yaya ne ya kai ta. Ya sa ta a kujerar baya, ya tsaya yana kallonta, sannan ya ja bel ya ɗaura mata.

Da muka janye teburin don shara, na sami almakashina a bayansa. Wani yana ƙarƙashin katifa, wani a cikin littafi ta sa shi alamar shafi, wani a aljihun jakar da take zuwa aiki da ita. Huɗu ke nan.

Takardar tana nan a bango, a saman soket ɗin da ba a jona komai a ciki. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya nemi a ba shi ya manna a ofis, Babansu ya ce ya rubuta tasa. Salatif ɗin yakan bushe a kusurwar sama ta dama, takardar ta lanƙwaso. In na gani sai in yanko sabo in gyara.